Inshorar dubu huɗu, motar marigayi da sauran tambayoyinku

Barkanmu da sake haɗuwa. Tun da 'yan sanda suka matsa lamba kan binciken inshorar mota daga 1 ga Fabrairun 2025 tambayoyin takardu suka yi ta shigowa, to bari mu rage wasu.

Wani matashi daga Zariya ya ce: "Na sayi Corolla ta hannu a wajen abokina, takardun da sunansa kuma ba su ƙare ba. Dole ne sai na kashe kuɗin canjin suna?"

Dole ne, ƙanena. Ku rubuta takardar ciniki da shaidu, a yi takardar rantsuwa a kotu, ka je ofishin lasin a mayar da komai sunanka. A wajen hukuma mai mota shi ne wanda sunansa ke rajista, in aka yi ta'asa da motar nan ƙofar gidan abokinka za a fara ƙwanƙwasawa, in kuma aka sace ta kai ne za ka tsaya kana rantse-rantse a caji ofis cewa taka ce. Ka kuma karɓi takardar biyan kuɗin kwastam ka tabbatar ta gaske ce, domin tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma wadda aka yi fasa-ƙwaurinta ko hannu nawa ta canja, a hannun wanda aka tare ake ƙwace ta.

Wani kuma daga Kano: "Ejan ɗin da ke sabunta min takardu ya ce zai haɗa min da inshora a dubu huɗu, kamfani kuma sun ce dubu sha biyar. Tunda duk takarda ce ta nuna wa 'yan sanda, me zai sa in biya mai tsada?"

Malam, wannan tambaya ce ta fi ƙona min rai a makon nan, don na san ba kai kaɗai ba ne. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ita ta yanke farashi, daga 1 ga Janairun 2023 ƙaramar inshora ta dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. To ka tambayi kanka, mutumin da ke zaune a gindin bishiya a bakin ofishin lasin da 'yar jakarsa da hatimi, a ina ya samo ta a dubu huɗu har ya ci riba? A shagon kwamfuta ya buga ta, shi ke nan. Sunan kamfani a sama, tambari mai ƙyalli, har da wata doguwar lamba, amma ba wanda ya san da zamanta.

Kuma wannan magana ta "duk takarda ce" ita ce asalin ciwon. Mutanenmu sun ɗauka inshora wani haraji ne da ake biya don a wuce shingen 'yan sanda. Alhali abin da ka saya da dubu sha biyar ɗin nan alkawari ne, in ka daki motar wani ko ka rushe masa katanga kamfani zai biya ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, da can miliyan 1 ne, sannan ta ƙunshi jinya ko rasa ran wanda ka buge. Yanzu ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin fitila ɗaya da bamba na jif ɗin zamani sannan ka dawo mu yi lissafi. Ranar da tsautsayi ya gitta a danja, mai jif ya fito yana gyara babbar riga, ka zaro takardarka ta dubu huɗu, ka kira ejan wayarsa a kashe, ranar za ka san dubu sha ɗayan da ka rage ta ja maka sayar da fili. Mutum zai zuba man dubu talatin a tanki bai ji komai ba, ya sa gilashi mai duhu da sababbin sifika, amma abin da zai tsaya masa shekara guda cur shi yake neman ragi a kai. Haba jama'a.

Ga shi ma yanzu ko shingen ba lallai ta wuce da kai ba, domin akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora, NIID, jami'i zai sa lambar motarka a waya ya gani nan take. Kai ma za ka iya, ka danna *565*11# ka bi abin da aka ce, ko ka shiga askniid.org ka sa lambar mota. In ba ta fito ba to ba ka da inshora, kuma riƙe ta bogi laifi ne na daban a kan na rashin inshorar. Ka biya kai tsaye a asusun kamfani mai lasisi, kar ka tura a asusun wani mutum, kuma kar ka tashi sai ka ga sunanka ya hau. Masu cewa suna da shakku ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, su ma NAICOM ce ta ba su lasisi, don haka wannan uzurin ya faɗi. Abu ɗaya dai, ƙaramar inshora ba ta gyara taka motar, ta wanda ka yi wa ɓarna kawai take biya. In kana son a gyara taka sai babbar, ita kuma farashinta daga kashi 5 cikin 100 na darajar motar yake farawa.

Wata baiwar Allah daga Kaduna ta rubuto: "Maigidana ya rasu ya bar mota, na ba ɗan ƙanwata yana haya da ita don mu samu na cefane. Kullum gabana faɗuwa yake, in ya buge wani ni za a kama?"

Allah ya jiƙan maigida, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, laifin tuƙin ganganci na wanda ke riƙe da sitiyari ne, ba za a ɗaure ki don shi ya yi gudu ba. Amma maganar biyan ɓarna tana iya zuwa kanki, tunda aikinki yake yi kuma ke yake kawo wa balas. Saboda haka ki fara da rabon gado, a san wanda motar ta faɗa wa a mayar da takardu sunansa. Sannan ki sa wani babba a dangi ya duba lasin yaron da idonsa, kar a tsaya ga "ina da shi Anti", domin in direba ba shi da lasin kamfani zai iya ƙin biya. Haka ma in motar mai lambar gida ce, mai shuɗin rubutu, ana haya da ita, to inshorar gida ba ta rufe wannan ba, sai a mayar da ita ta haya mai jan rubutu a sayi inshorar da ta dace, a kuma karɓi takardar lafiyar mota a wajen jami'an duba motoci na VIO. Ki ce a duba tayoyi ma, akwai lambobi huɗu a gefen kowace, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na ɗaukar wadda ta wuce shekara 4 a matsayin ta ƙare. Na san kuɗi ne kuma lokacin da wuya, amma a ware daga balas ɗin kaɗan-kaɗan, a fara da lasin da inshora. In an yi waɗannan ki yi barcinki Hajiya.

Na ƙarshe, wani ya ce yayansa ɗan sanda ne ya ba shi hula ya ɗora a gaban mota, wai ko hakan ya wadatar tunda daga gida sai kasuwa yake zuwa.

Hanyar kasuwar ta gidanku ce? Titin gwamnati ne, dokar da ke kan mai zuwa Legas ita ce a kanka. Hular ba za ta biya kuɗin asibitin yaron da ka buge ba, kuma ranar da aka tambaye ka ina ka samo ta har yayan naka sai ya amsa tambaya a ofis. Ka mayar masa da abarsa ka je ka sabunta takardunka.