Filin Masu Kiwo: 'Yan tsakina suna mutuwa a cikin ɓawo

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai fanka, na zuba ƙwai 48 na kajin gida a watan Disamba. Tara kacal suka fito. Wasu sun huda ɓawon har ina jin kukansu, amma a ciki suka mutu. Zafin injin kuwa kullum yana kan digiri 37.5. Ko injin ne ba shi da kyau?
Daga wata mai kiwo a Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar miki da alheri. Watan da kika ambata shi ya fara ba ni haske. Zafin da kika sa daidai ne ga inji mai fanka, amma ba ki ce komai a kan danshi ba, kuma na fi zargin a nan matsalar take.

Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai. Ƙwan kaza yana son danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwanaki 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe. Idan bai samu ba, farin tantanin da ke ƙarƙashin ɓawo sai ya bushe ya manne wa ɗan tsako kamar leda. Ya huda, ya kasa juyawa ya ƙarasa tsagawa, har ƙarfinsa ya ƙare. Kuma na san halinmu: da an ji kukan farko sai a yi ta ɗaga murfi ana leƙe. Ni ma na yi haka a zubina na farko, na rasa fiye da rabi, har yau abin yana yi mini ciwo. Duk buɗewa ɗaya, danshin da aka tara ya tafi. Daga rana ta 18 ki daina juya ƙwan, ki cika mazubin ruwan injin da ruwa mai ɗumi, ki ƙara jiƙaƙƙen soso, ki rufe, ki haƙura har ta 21.

Sauran da ba su huda ba fa? Kada ki zubar da baragurbi ba ki fasa kin duba ba, ko da warin zai dame ki. Wanda kika tarar gwaiduwa ce zalla, yawanci zakara bai taka kazar ba, ko ƙwan ya daɗe a ajiye kafin a zuba. Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma ya isa, kuma kada ƙwai ya wuce mako guda a ajiye. Zoben jini yana nuna ya fara kamawa ya mutu da wuri, sau da yawa saboda an ɗauke wuta ya huce. Tun rana ta 7 za ki iya gane waɗannan idan kika haska su da tocila a ɗaki mai duhu: mai rai za ki ga jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo.

Ki tuna kuma ranar da taran nan suka fito. In kafin rana ta 21 ne, injin ya fi zafin da yake nunawa. In sai ta 22 ko 23, bai kai ba. Ki sa ma'aunin zafi irin na asibiti daidai tsayin ƙwan ki gwada, kafin ki sake zuba ko da ƙwai ɗaya.