An kawo mani sammacin shaida, dole ne sai na je kotu?

Tambaya: Salamu alaikum Barista, ina maka fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne a nan Daura, ina da shagon kayan masarufi. Kwanakin baya rigima ta kaure tsakanin wasu samari a ƙofar shagona har aka ji ma ɗaya ciwo da wuƙa, 'yan sanda suka ɗauki bayanina tunda a gabana akai. To yanzu masinjan kotu ya kawo mani takarda wai in je kotun majistare in bada shaida. Matsalar ita ce yaron da ake tuhuma ɗan maƙwabcina ne, tare muke sahu da babanshi shekara da shekaru, kuma wasu na ce mani in rufe shago kawai in tsallaka Nijar kwana biyu, wai ai shaida ba mai laifi bane ba mai kama shi. Dan Allah dole ne sai na je? In ban je ba me zai faru?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Eh, dole ne kaje. Indai takardar daga kotu ta fito, da sunanka a jiki da ranar zama da sa hannun alƙali ko jami'in kotu, kuma an miƙa maka ita, to umarnin kotu ya hau kanka. Masu ce maka ba a kama shaida basu san doka ba, kuma ranar da ɗan sanda zai tsaya ƙofar shagonka da waranti wallahi ba ko ɗayansu da zaka gani a wurin.

Ga yadda abin ke tafiya in baka je ba. Ranar zama za a kira sunanka, in aka ji shiru alƙali zai tambaya shin an kai mashi sammaci? Sai a duba fayil, masinjan da ya kawo maka ya riga ya rubuta takardar rantsuwa cewa rana kaza ya baka hannu da hannu. Daga nan mai gabatar da ƙara zai miƙe ya roƙi a bada takardar kamu, wadda ake ce ma benci waranti, kuma kotu nada ikon badawa nan take. A kamo ka a kawo ka gaban alƙali, in yaga dama ya sake ka bisa beli da sharaɗin zaka dawo, in bai gamsu da kai ba yasa a ajiye ka har ranar da zaka bada shaidar. Kaga kenan shaidar da kake gudu sai ka bada ta, ga kuma kwanan sel a sama. Ko ƙin karɓar takardar ko ƙin sa hannu baya fidda mutum, masinja zai rubuta ka ƙi karɓa ne kawai. Wanda kuma ke ɓuya kotu na iya bada izini a liƙa takardar a ƙofar gidanshi a ɗauka ta same shi.

Bayan kamu akwai hukunci na daban. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda lauyoyi ke ce ma ACJA, a sashe na 246 ta ce shaidan da ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, ko yazo ya fice daga harabar kotu ba a sallame shi ba, ana iya cin shi tarar da bata wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata 2 ba. Wannan dokar a kotunan tarayya da Abuja take aiki, mu nan Katsina muna da tamu ta jiha, amma tsarin sammaci da waranti iri ɗaya ne. Dubu goma ba wani kuɗi bane yanzu, na sani, amma mutum mai iyali da mutunci a kasuwa a tasa ƙeyarshi zuwa kotu jama'a na kallo, wannan shi ne asarar.

Kuma kar ka ɗauka talaka kaɗai ake kira. A 2017 babbar kotun tarayya a Abuja ta aika ma tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan sammaci ya zo shaida a shari'ar Olisa Metuh, tsohon kakakin jam'iyyar PDP, shi ma lauyoyi ya tura kotu suka nemi a janye. Waɗanda tsarin mulki ya kare a sashe na 308 su ne shugaban ƙasa da mataimakinshi da gwamna da mataimakinshi, su ma iya lokacin da suke kan kujera.

In kana da uzuri na gaskiya kotu na ji, alƙalai mutane ne. Rashin lafiya, rasuwa a gida, tafiyar da aka riga aka tsara kamar aikin Hajji ko Umara, ko sammacin ya iso maka a ƙurarren lokaci. Amma ka kai uzurin kafin ranar, ka rubuta wasiƙa zuwa ga rajistaran kotun da lambar shari'ar, ka haɗa da takardar asibiti in ciwo ne, ka riƙe kwafin da aka buga ma hatimin karɓa, sannan ka sanar da mai gabatar da ƙara. Galibi ɗage rana za ai. Cewa kasuwa ce ta riƙe ni, ko ina jin kunyar maƙwabci, kotu bata ɗaukar wannan a matsayin uzuri. In kuma kana ganin sammacin ma bai kamata a aiko maka ba, misali baka san komai a kan maganar ba, to lauya zai nemi kotu ta janye shi, amma har sai ta janye yana nan daram. Ka kuma lura, in kaje aka ɗage zama aka faɗi sabuwar rana a gabanka, ba sai an sake aiko maka wata takarda ba, wannan ranar ma ta zama dole.

Maganar kuɗin mota, ka tambaya kar kaji nauyi. Shaidan gwamnati, wato wanda mai gabatar da ƙara ya kira, doka ta tanadar mashi kuɗin ɗawainiya daidai gwargwado, a shari'ar da ba ta laifi ba kuma kamar rigimar fili ko bashi, wanda ya nemi a kira ka shi ke ɗaukar kuɗin zuwanka. Kuɗin mota daban, kuɗin a faɗi kaza daban, na biyun kar ka yarda ko a wasa.

Yanzu maganar maƙwabcinka, nasan nan ne abin ke ci maka rai, kuma bana raina wannan. Mu Hausawa zaman unguwa ba ƙaramin abu bane, mutumin da kuke gaisawa kullum da asuba, iyalinku na shiga gidan juna, ace kai ne zaka tsaya cikin akwatin shaida kana faɗin abinda ɗanshi yayi, abu ne mai nauyi ƙwarai. Amma Alhaji ka tuna yaron da aka soka shi ma ɗan wani ne, shi ma uwarshi ta kwana a asibiti tana kuka, kuma shari'o'i da yawa a kotunanmu a nan suke mutuwa, a yi ta ɗagewa wata da watanni saboda shaidu sun ƙi zuwa, wanda aka zalunta ya gaji ya bar ma Allah, ko kuma wanda ake tuhuma ya yi ta zama a gidan yari yana jiran shari'a, wani lokacin ma bashi da laifin. Zuwanka na iya zama alheri ga shi kanshi ɗan maƙwabcin naka, dan in kaga shi aka fara kai ma hari, ko kaga wuƙar ba a hannunshi take ba, kai kaɗai ne zaka iya faɗa, kuma lauyanshi zai samu damar yi maka tambayoyi. A addini ma maganar a fili take, ƙarshen Suratul Baƙara aya ta 282 ta hana shaidu ƙin zuwa in an kira su, ta kuma hana a cutar da mai shaida, aya ta 283 ta ce wanda ya ɓoye shaida zuciyarshi mai zunubi ce. Shawarata ka samu babanshi tun yanzu, kai da liman ko mai unguwa, kace mashi kotu ce ta kira ni ba ni na kai kaina ba, kuma abinda na gani kaɗai zan faɗa. In iyalan biyu na son sulhu wannan abu ne mai kyau, amma a kai maganar gaban alƙali, dan akwai laifin da doka ta yarda a sasanta, akwai wanda sai da izinin kotu, akwai wanda ba a sasantawa sam. Sulhun zaure shi kaɗai baya soke sammaci.

In ka shiga akwati ka faɗi abinda idonka ya gani da wanda kunnenka ya ji, abinda baka gani ba kace ban gani ba, wanda ka manta kace na manta, ba laifi bane. Kar ka ƙara kar ka rage. Ka tuna bayanin da ka ba 'yan sanda na cikin fayil, in ka juya magana za a karanto maka shi a gaban jama'a, kuma shaidar zur a kotu a dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ɗaurinta na kaiwa shekara 14. Zuwa kayi shiru ma baya fiddaka, wanda ya ƙi rantsuwa ko ya ƙi amsa tambaya ba dalili kotu na iya tsare shi. Sai dai sashe na 183 na dokar shaida ta 2011 ya baka kariya, ba a tilasta ka amsa tambayar da zata jefa kai kanka cikin tuhumar laifi. In da Turanci ake magana kuma baka gane ba kace da Hausa zakai magana, za a sa tafinta.

In kuma akwai wanda ya fara yi maka barazana ko aike a kan kar kaje, kar ka riƙe a ciki, wannan laifi ne mai zaman kanshi. Ka ajiye saƙon ko lambar da ta kira ka, ka faɗa ma mai gabatar da ƙara, ranar zama kuma ka faɗa ma alƙali da bakinka, yana da ikon jan kunne har ma da soke belin wanda ake tuhuma in da hannunshi a ciki. Ranar ka fita da wuri ka isa kafin ƙarfe 9, ka riƙe sammacin da katin shaidarka, ka nuna kanka ga rajistara ya san kazo, kuma kar ka bar harabar kotun sai alƙali yace an sallame ka.