Tambaya da Amsa: Na'urar ɗan kutsenmu ta fi ƙarfin wasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubuto maka. Mu biyar muke haɗuwa bayan isha'i a shagon cajin waya muna wasan labari, ni nake jan labarin, kowa yana riƙe da mutum ɗaya, in za a yi abu mai haɗari sai a jefa dayis ɗin lido. Labarin Kano ce a shekarar 2090. To abokina da ya ɗauki ɗan kutse ya ce an dasa masa na'ura a ka wadda take buɗe kowace ƙofa da kowane banki yana kwance a ɗakinsa, yanzu sauran sun zama 'yan kallo har biyu sun daina zuwa. Ya zan yi? Kuma wai akwai irin na'urar nan da gaske?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi wasiƙar nan ta faranta min rai, kada ku bari majalisar ta watse. Matsalar ba ƙarfin na'urar ba ce, kyauta ka ba shi ita, ba ta cin masa komai.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun riga ku cin karo da wannan. A wasan Shadowrun da ya fito a 1989, wanda shi ma dayis mai fuska shida irin naku ake jefawa, kowa yana farawa da maki 6 na asalin jikinsa, duk ƙarfen da aka dasa masa sai makin ya ragu, in ya kai sifili ya mutu. A wasan Cyberpunk kuwa da Mike Pondsmith ya fitar a Amurka a 1988, mutuntaka ce take raguwa, mutum ya yi ta cusa ƙarafa har ya daina jin tausayin kowa ya haukace, daga nan mai jan labari ya karɓe shi daga hannun ɗan wasa.

Dokar da ta fi dacewa da ku tana cikin wasan Cyberpunk Red na 2020, inda dole ɗan kutse ya matso cikin mita 6 da mashigar intanet ɗin ginin kafin ya iya komai. Ka ga ke nan batun kwanciya a ɗaki ya ƙare, sai mai babur ya kai shi, mai ƙarfi ya tsare masa ƙofa, mai daɗin baki ya ɗauke hankalin maigadi, don shi yana can ciki yana fama da manhajojin tsaro masu iya ƙona masa ƙwaƙwalwa. Kuma na'urar kutsen ma guraben sa manhajoji ƙidayayyu gare ta, matsakaiciya tana da 7, ba ta ɗaukar komai da komai, sai ya zaɓa tun daga gida.

Sannan ka sa mata halin garinmu, ni nan na fi so. Soket ne a bayan kunne, in bazara ta yi ya ɗau zafi bayan jifa uku sai ya tsaya ya huce ko haɓo ya ɓalle masa, da hunturu ƙura ta shige shi sai an je Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wajen mai gyara, shi kuma mai gyaran ba kuɗi yake so ba, wani aiki zai ce a yi masa, ka ga ka samu labarin mako guda a nan. Ka zauna da abokin naka ku biyu kafin a taru, ka bar shi ya zaɓi aibu biyu da kansa ya raɗa wa na'urar suna, zai fi karɓa da a ƙwace masa a gaban mutane. Don Allah kuma kada kuɗi ya shiga jifan dayis ɗin nan ko na wasa.

Batun ko akwai ta da gaske, mai buɗe banki da tunani babu ita. Abin da aka yi shi ne a Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wa wani mutum da jikinsa ya shanye na'ura a ƙwaƙwalwa, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da tunaninsa har yana buga wasa da ita. Ka rubuto min yadda ta kaya in waɗancan biyun sun dawo.