Amsoshin tambayoyinku: idan lezar argon ta fara gajiya

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta rubuto cikin damuwa. Na'urarsu ta ƙidayar ƙwayoyin jini, mai aiki da lezar argon (wani bututu ne mai iskar argon da ke harba siririn haske kan ƙwayoyin), kwana biyu sakamakon ƙwayoyin gwaji yana fitowa a baje, kuma tana tsoron a hannunta ta lalace.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Sau da yawa ba laifin leza ba ne. Kumfar iska a layin ruwa, ko dattin da ya maƙale a inda ƙwayoyin ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, su ma haka suke baje sakamako. Ki wanke layin, ki fitar da iskar, ki bar lezar ta ɗumama kamar minti 30, sannan ki sake gwadawa. Ki leƙa rariyar iska ma, don in ƙura ta toshe ta, fanka ba za ta iya sanyaya bututun ba.

Wani kuma tambaya yake ko zai iya buɗe murfi ya saita madubai da ido. Haba malam! Wannan shuɗin hasken mai tsawon zango nanomita 488, ko da miliwat 15 ne, ya isa ya yi wa ido lahanin da ba ya gyaruwa. Wutar da ke tayar da bututun kuwa dubban bolt ce. Kira injiniya.

Sai wasiƙar da ta tsaya mini a rai. Wani shugaban ɗakin gwaji ya ce an yi masa tayin bututun argon "sabo fil" da araha, ya saya? Ranka ya daɗe, araha ba ta ado. Bututun gas tsufa yake yi a hankali: iskar argon tana raguwa a cikinsa, sai na'urar ta riƙa ƙara masa wuta don haske ya tsaya daidai. Saboda haka yawan ampiya, wato ma'aunin wutar lantarki, da yake ja kafin ya ba da hasken da ake so, shi ne shekarunsa na gaskiya. Agogon ƙirga awoyi ana iya sake shi, kwali ana iya sabunta shi, amma ampiya ba ta ƙarya. Ka nemi takardar gwaji mai nuna ƙarfin haske da wutar da ya ja, da garanti a rubuce. Wanda ya fara kame-kame, ka sallame shi. Kuma kada a ruɗe ka da cewa "ba a taɓa kunna shi ba". Bututun da ya shekara da shekaru a sito yana iya ƙin tashi. Ni ba na ƙin wanda aka sabunta, muddin an faɗa maka gaskiya. Sayar da shi da sunan sabo ne ha'inci.

Ku ma ma'aikatan ɗakin gwaji da naku laifin. A kashe na'ura, nan take a zare soket, fanka ba ta gama huce bututun ba. A kunna, a kashe, sau biyar a wuni. Babu ko ɗan littafin da ake rubuta ampiya duk mako, sai ranar da leza ta mutu a shiga neman kuɗi ido rufe, a faɗa hannun 'yan damfara. Kafin ka biya ko sisi, ka tambaya ko na'urarku za ta karɓi lezar zamani marar gas mai nanomita 488. Ba ta cin wuta sosai, ba ta kuma zafi kamar argon.

Mai tambaya kan rinin APC da ya dushe alhali rinin FITC da PE lafiya lau (rinuka ne da ake yi wa ƙwayoyi alama da su; lezar argon ke haskaka FITC da PE, jar leza kuma ke haskaka APC): argon ɗinka ƙalau take. Duba jar lezar, ta hiliyam da niyon mai nanomita 633 in ita ke gare ka, da saitin tazarar lokaci tsakanin lezojin biyu.