Muna son tsara ƙa'idar sa hannu da kulle bayanai: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai rubuta manhaja ne a Garwa, ina aiki da wata ƙungiyar adashi da bayar da rance. Mu da wasu ƙungiyoyi a Marwa da Ngaundere muna so mu riƙa musayar bayanan mambobi a tsarin rubuta bayanai na JSON, har an kafa kwamitin da zai rubuta mana ƙa'idar sa hannu da kulle saƙo. Abin da ke damuna shi ne, wanda ya haɗa mana manhajar farko ya zuba suna da lambar waya da lambar katin ɗan ƙasa da yawan bashin kowa a cikin JWT, wato ɗan saƙon shaida da manhaja ke aikawa, ya ce ba mai iya karantawa tunda an sa masa hannu. Hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiya ya faɗa? Kuma ta ina kwamitin zai fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba gaskiya ya faɗa ba, kuma kada ku jira zaman kwamiti kafin ku cire waɗannan bayanai.

Da farko, kada kwamitinku ya ƙirƙiri sabon tsari. An riga an yi wannan wahala. A 2011 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta kafa kwamitin JOSE domin wannan aiki daidai, kuma sai a watan Mayun 2015 takardun suka fito: RFC 7515 ta sa hannu, wato JWS, RFC 7516 ta kullewa, wato JWE, RFC 7517 ta rubuta makullai, RFC 7518 ta jerin hanyoyin lissafi, sannan RFC 7519 ta JWT da kake magana a kai, wadda wani kwamitin IETF daban ya rubuta. Shekara huɗu ke nan ƙwararru suna tankaɗe da rairaya a bainar jama'a, duk da haka an gano ɓaraka a manhajojin da suka yi aiki da takardun. Abin da mutum biyar za su rubuta a zama uku ba zai fi wannan ƙwari ba.

Yanzu maganar mutuminku, wadda ita ce na fi gajiya da ji a wannan sana'a. Sa hannu daban, kullewa daban. Takardar da Lamiɗo ya buga wa hatimi, kowa ya karɓa zai karanta ta daga sama har ƙasa. Hatimin yana tabbatar da inda ta fito da cewa ba a taɓa ta ba, amma ba ya rufe ko harafi ɗaya. JWS ke nan. Abin da ke ruɗin mutane shi ne kamannin saƙon, dogon layi na haruffa da lambobi marasa ma'ana a ido. Wannan base64url ne kawai, wato sake rubuta bayani da haruffan da za su bi ta adireshin shafi ko kan saƙon HTTP ba tare da sun lalace ba. Ba shi da makulli, ba shi da sirri, kuma duk yaron da ya yi wata ɗaya yana koyon manhaja zai warware shi. Masu JOSE sun zaɓe shi ne da gangan saboda wahalar da aka sha da sa hannu a XML, wani tsarin rubuta bayanai da ya riga JSON, inda dole a daidaita rubutu kafin a lissafa, har gurbi ɗaya da ya ƙaru yana iya ɓata komai.

Ka gwada da kanka yau. Ɗauko JWT ɗaya ka ƙirga ɗigon da ke ciki. Idan ɗigo biyu ne, wato kashi uku, JWS ne, a buɗe yake. JWE kashi biyar yake da shi. Za ka kuma ga yana farawa da eyJ, wanda ba komai ba ne illa farkon rubutun JSON. Na taɓa yin haka a wani ofis a Marwa, manaja yana tsaye a kaina yana rantsuwa cewa an tabbatar masa komai a kulle yake. Na kwafi kashi na tsakiya, na warware shi a kwamfutarsa, sai ga sunan wata baiwar Allah da lambar wayarta da sefa nawa ake bin ta. Shiru ya yi. A gari irin namu, inda kowa ya san kowa, fallasa bashin mace na iya taɓa aurenta da mutuncin gidansu, kuma wannan ne ya sa ba na yi wa masu wannan iƙirari uzuri. Mutum ya karɓi kuɗin jama'a, ya kira kansa ƙwararre, bai taɓa buɗe takardar da ake samu kyauta ba.

Za su ce maka ai akwai HTTPS, wato tsarin da ke kulle saƙo tsakanin burauza da saba, kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. HTTPS yana tsare saƙo ne a kan hanya kawai. Da ya sauka, JWT yana kwana a cikin burauza, da kundin ayyukan saba, da hoton allo da ma'aikaci ya tura wa abokinsa a WhatsApp yana neman taimako. A duk waɗannan wurare a fili yake.

Aikin kwamitinku shi ne zaɓe da taƙaitawa a cikin abin da ke akwai, kuma shafi biyar ya isa. Ku rubuta waɗanne bayanai ne za su tsallaka daga ƙungiya zuwa ƙungiya, da wanda bai kamata ya gan su ba. Mafi yawan lokaci lambar mamba kaɗai ta wadatar, sauran su zauna a rumbun bayanai. Abin da dole ya tsallaka kuma sirri ne, a sa masa hannu tukuna sannan a kulle shi da JWE. Ku tsayar da hanyar lissafi guda, kamar ES256, kowace ƙungiya da makullinta na sirri, ku guji HS256 a tsakaninku, hanyar da mai aikawa da mai karɓa ke riƙe makulli ɗaya, domin duk mai iya tantancewa da shi yana iya ƙirƙirar na jabu. Manhajar mai karɓa ita za ta riƙe abin da aka amince da shi, kada ta bi abin da saƙon ya faɗa a gurbin alg, inda ake rubuta sunan hanyar lissafin. A 2015 an gano manhajoji da dama suna karɓar saƙon da ya ce alg ɗinsa none ne, wato babu sa hannu sam, su wuce da shi. RFC 8725 ta 2020 ta tattara irin waɗannan ramuka, kuma ya kamata kowane ɗan kwamiti ya karanta ta kafin zaman farko.

Inda za ku fi shan gardama shi ne makullai: wa ke riƙewa, yaushe ake sauyawa, me za a yi ran da ma'aikaci ya bar aiki ko aka sace kwamfuta. Ku ba wannan rabin lokacinku. Idan kuma kuna son sa hannun ya tsaya a gaban alƙali, ku nemi lauya ya duba muku dokar 2010/012 ta tsaron intanet ta Kamaru da matsayin ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasar, wajen takardun shaidar makulli, tun kafin ku rubuta layin farko na manhaja.