Na Sayi Sandar Fatsa Mai Tsada, Amma Kifi Ya Ƙi Ci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yauri. Na sayi sandar fatsa ta zamani mai injin naɗe zare, da manyan ƙugiyoyi, da zare mai kauri, domin burina in kama giwan ruwa. Nakan wuni a bakin Kwara in tashi hannu rabbana, alhali wani dattijo kusa da ni, da gora da zare kawai, yana cika ƙwarya. Wane irin kaya ƙwararru suke amfani da su, kuma wace dabara ce ta kuɓuce mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sandarka ba ta da laifi, kada ka sayar da ita. Abin da ya raba ka da dattijon nan shi ne, tun kafin ya bar gida ya san kifin da zai nema, ya san inda kifin yake kwance a wannan watan, kuma ya ɗaura ƙugiya daidai bakinsa. Kai kuwa ka haɗa kayan kama kifi guda ɗaya, mafi wuyar samu a kogin, ka jefa su a inda ƙananan kifaye suke kiwo. Karfasa tana zuwa ta tsattsage koton da ka sa, ta tafi ta bar maka ƙarfe, domin ƙugiyar ta fi bakinta girma.

Mu fara da ƙugiya, don nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Lambar da ke jikin kwalinta a juye take: idan lamba ta ƙaru, ƙugiya raguwa take yi. Lamba 14 ƙarama ce, lamba 6 ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Sai in ka ga an rubuta 2/0, 5/0 ko 8/0, to a wannan jerin girman yana bin lambar sama. Kamfanoni kuma ba su daidaita ba, lamba 8 ta Mustad ba lallai ta yi daidai da lamba 8 ta wani kamfani ba, saboda haka ka riƙe ta a hannu ka gani da idonka kafin ka biya. Ƙaramar ƙugiya tana iya kama babban kifi, babba kuwa ba ta kama ƙarami. Ka gwada kaifinta a kan farcenka: idan ta zame ba ta kama ba, ta dakushe, ka wasa ta ko ka canza. Mai tsatsa kuma ka yar.

Zaren roba, wato nailan, da kaurinsa ake saye. Na karfasa da kawara milimita 0.25 zuwa 0.30 ya isa. Tarwaɗa da ragon ruwa suna son 0.40 zuwa 0.50. Giwan ruwa sai 0.60 zuwa sama. Zare mai kauri a ruwa mai haske kifi yana ganinsa, kuma yana hana koto yin motsi irin na abu mai rai. Rana tana cin nailan, don haka kada ka bar shi a shanye a kan jirgi ko bayan mota. Duk lokacin da za ka ƙulla, ka jiƙa ƙullin kafin ka ja shi ya tsuke, domin gogayyar busasshen zare tana ƙona shi, kuma yawancin zaren da ke tsinkewa a wurin ƙulli yake tsinkewa. Dalma ka sa daidai wadda za ta riƙe koto a inda kake so, kada ta wuce haka. Abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka kifi ya taɓa, guntun karan dawa ko yankin tsohon silifa ya wadatar.

Wannan shi ne kayan gaba ɗaya. Sauran ilimin na ruwa ne da halin kifi, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau.

Ruwan da kake zaune a bakinsa ba kogi ne zalla ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, Yauri ta zama kan tafkin, inda kogi yake shiga ya baje. Kuma Kwara a nan cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan saman yankinmu yake kawowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka da gurɓata. Akwai baƙin ruwa, wanda ya faro daga tsaunukan Gini, ya bi ta fadamun ƙasar Mali ya ajiye lakarsa a can, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu. Masunci na gari da waɗannan biyu yake lissafi. A farin ruwa kifi ba ya gani da nisa, da hanci da gashin baki yake neman abinci, saboda haka koto mai wari shi ne ke aiki, kuma lokacin tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa ke nan. Ruwa ya hau kan ciyawa, kifi ya bi shi yana kiwo yana haihuwa, to a bakin ciyawar za ka jefa. A baƙin ruwa kuwa masu farauta da ido, giwan ruwa da tsage, su ne ke da fili, kai ma kuma ana ganinka. Da Hausawa suka ce kifi na ganinka mai jar koma, gaskiya suka faɗa: ka rage kaurin zare, ka sa tufafi marasa haske, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka riƙa buga ƙafa a cikin jirgi, don ƙara tana tafiya a ruwa fiye da yadda take tafiya a iska.

Da bazara, idan zafi ya tsananta, ruwan can ƙasan tafki yakan rasa iskar shaƙa, kifi ya taso ya tsaya a tsaka-tsaki ko ya nemi inda ruwa ke gudu. Wanda ya dage da jefa dalma mai nauyi zuwa ƙasa a wannan lokaci, wurin da ba kowa yake kai kotonsa. Da sanyin hunturu kuma kifi yakan yi nauyin jiki da asuba, ya fi ci idan rana ta ɗan ɗumama ruwa. In ban da wannan, asuba da gab da magariba su ne lokutan ci, tsakar rana ta hutu ce.

Ga wani aiki da nake ganin ya fi sayen kowane kaya amfani. Idan ruwa ya ja baya daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, ka ajiye sanda ka taka gaɓar da ƙafa. Ka lura da inda duwatsu suke, inda kututturen bishiya yake, inda rafi ya yanka ya shiga kogi, inda ƙasa ta yi gangare kwatsam. Ka riƙe alamarsu da wata bishiya ko gini da ruwa ba ya kaiwa. Bayan wata uku duk za su nutse, kuma a nan kifi zai zauna. Dattijon da kake gani ba sa'a ce ke zaunar da shi a wuri guda ba, ya san abin da ke ƙarƙashin ruwan da yake kallo.

Shawarata ka fara da karfasa da tarwaɗa. Karfasa tana kiwo a ruwa marar zurfi kusa da ciyawa. Ka kwaɓa dusa da ɗan ruwa ka dunƙula, ka jefa biyu ko uku a wurin da za ka zauna don su taru, sannan ka sa guntun tana a ƙaramar ƙugiya, ka rufe tsininta da tanar. Cin karfasa a hankali yake, karan zai yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa. Kada ka fizga sai ya nutse ko ya fara tafiya gefe, kuma da wuyan hannu ake fizga, ba da kafaɗa ba. Idan ka kama wadda bakinta ke cike da ƙwai ko 'ya'ya, don Allah ka mayar da ita, uwa ce take reno a baki.

Tarwaɗa ta ƙasa ce kuma ta dare. Tana, hanjin kaza, fara, shinge da ke fitowa bayan ruwan farko, har yankan sabulun wanki masunta suna sa mata. Ka bar koton ya kwanta a ƙasa, ka saki zaren kaɗan don ta ɗauka ba ta ji nauyi ba. Wurin cire ƙugiya ka kiyayi ƙayar da ke gefenta. Ta kurungu ta fi muni, don takan miƙe ta kulle, kuma sukarta tana da raɗaɗi. Idan ka ciro kifi mai taushin jiki, marar ƙaya a baya, mai ɗigo-ɗigo, kada ka kama shi da hannu: minjirya ce, wutar jikinta tana iya jefar da babban mutum a cikin jirgi.

To, giwan ruwa. Kifi ne da kan wuce kilo 100, ko da yake irin wannan ya yi wuya yanzu, kuma ko na kilo 10 ka samu ka yi babban kamu. Ba ya yawon neman mushe. Kwanton ɓauna yake yi a gindin dutse, ko cikin rassan bishiyar da ta nutse, ko a bakin gangare inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, yana jiran ƙaramin kifi ya gifta. Saboda haka kotonsa kifi ne mai rai, karfasa ko kawara kamar tsawon tafin hannu. A soka ƙugiyar a bayanta, gaban ƙayar baya, sama-sama yadda ba za a taɓa ƙashin baya ba, don ta ci gaba da iyo. Giwan ruwa zuƙe abinci yake yi gaba ɗaya ya juya. Ka ba shi ɗan lokaci zaren ya miƙe, sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi. Daga nan zai yi ɗayan biyu: ko ya nufi duwatsu ya goga zaren ya tsinke, ko ya yi tsalle sama yana girgiza kai don ƙugiyar ta fita. Marfin da ke gefen kansa yana da kaifi, yana yanka zare, shi ya sa ƙwararru suke ƙara kamu biyu na zare mai kauri sosai tsakanin ƙugiya da asalin zaren. Idan tsage ne ke wurin, wannan ma bai isa ba, sai siririyar waya, don haƙoransa suna datse nailan nan take.

A nan injinka yake da rana. Akwai abin murɗawa a jikinsa da ke saita ƙarfin da zare zai fita da shi idan kifi ya ja. Mutane da yawa suna ɗaure shi tamau don kada kifi ya gudu, kuma haka ne ke tsinka musu zare. Ka saita shi ya saki zare idan jan ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Kifi ya ja, ka bar shi ya ja. Ya tsaya, ka ɗaga sanda, ka sauke ta kana naɗewa. Kada zaren ya yi sako-sako ko na ƙiftawar ido. Sarkawa da Gungawa, masuntan wannan yankin, sun daɗe da wannan hikima ba tare da inji ba: sukan ɗaura zaren a jikin gorar duma su sake ta a ruwa, kifi ya ja ta ƙasa ta taso da shi, har ya gaji, sannan su bi shi da jirgi. Kada ka taɓa naɗe zaren giwan ruwa a hannunka ko yatsanka, yana yanka har ƙashi.

Za ka ga masu sana'a suna shimfiɗa mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, wasu da birgi, ragar da ake jefawa, wasu da kalli, ragar da ake kafawa a ruwa, wasu da gura, wani irin tarkon kifi. Waɗannan na neman abinci ne, kowanne da wurinsa da mai shi. Kafin ka jefa zare a wurin da ba ka sani ba, ka je ka gaida Sarkin Ruwan wurin, ka tambayi inda aka kafa kaya don kada ka sarƙe da na wani, da inda dorina take kwana. Wannan gaisuwar za ta buɗe maka bakin masunta fiye da kuɗi. Idan kuma sha'awa ta kai ka ga sayen raga, ka sani dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da wadda aka keɓe don warangi, wato wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye, kuma ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki. Ina goyon bayan wannan doka da zuciya ɗaya. Giwan ruwan da kake mafarki sai ya shekara da shekaru kafin ya kai girman, kuma raga mai ƙaramin ido tana kwashe shi tun yana kamar yatsa. Mai son ƙarin bayani a kan wannan, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, a ɗaya gefen tafkin.

In za ka shiga jirgi ka sa rigar kariya ko da ka iya ruwa, domin tafkin cike yake da kututturan da ba a gani, iska kuma takan taso ba sallama. Ka rage tsayawa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa da dodon koɗi saboda tsargiya. Wannan makon ka sayi kwalin ƙugiya lamba 12 ko 14 da zare 0.28, ka haƙo tana, ka kai wa dattijon nan goro, ka nemi izinin zama kusa da shi. Ka lura da tsawon zaren da ya bari tsakanin kara da ƙugiya, ka auna naka daidai da nasa.