Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Balansa Ke Ƙonewa Lokacin Jona Ta da Batir?

Tambaya: Malam, na haɗa batirin litiyam LiFePO4 mai ƙwaya 16, kowace 280Ah, na sa masa balansa (allon da ke daidaita cajin ƙwayoyi) mai kafasita ta amfiya 5. Ina cusa filogin sai tartsatsi da ƙauri, allon ya mutu nan take. Jabu aka sayar mini, ko akwai abin da ban yi daidai ba? Daga wani mai haɗa sola, Sabon Gari, Kano.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin ɗora wa mai kaya laifi. Kafasitar da babu caji a cikinta, a daidai lokacin da wuta ta taɓa ta, ba ta da bambanci da waya: ba ta tare komai. Ita kuma ƙwayar 280Ah turjiyar cikinta ba ta wuce kwata na miliom ɗaya ba, don haka duk abin da aka nema za ta bayar. A ce waya da filogi da MOSFET (makunnin lantarki da ke kan allon) sun haɗu sun kai miliom 30. Raba bolt 3.3 na ƙwaya ɗaya da om 0.03, ka ga amfiya 110 a kan allon da aka ƙera don amfiya 5. Wannan ambaliyar wuta ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ya sa allo mai kyau kan tsira.

Abin da ya fi kashe allo shi ne haƙoran filogi 17 ɗin nan ba sa taɓawa tare. Idan wayar B- (ta kan negatib na batirin) da ta ƙwaya ta 16 suka riga sauran, bolt 52 ne zai nemi hanya ta cikin kayan da aka yi don ƙwaya ɗaya, alhali kafasitocin irin wannan allo galibi na bolt 6.3 ne. Haka ma idan an musanya waya biyu wajen ɗauri. Saboda haka kafin filogi ya kusanci allo, ɗora baƙin tsinken mita a kan B-, ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya: 3.3, 6.6, 9.9, har zuwa wajen 52.8. Duk inda lissafin ya yi tsalle ko ya koma baya, tsaya nan. Idan balansar na da makunni ko wurin dalma na kunnawa, a kashe za ka jona ta. Mai wayoyi daban-daban kuma, daga B- ake farawa a haura, wajen cirewa a faro daga sama.

Maganin ambaliyar kanta rizista ne. Sa om 10 a kan kowace waya lokacin jonawa. Da'irar kowace ƙwaya ta bi ta waya biyu, om 20 ke nan, wutar farko ba za ta wuce amfiya 0.17 ba. Kafasita mai mikrofarad 2200 takan cika cikin kusan kwata na daƙiƙa, amma ba ta daƙiƙa biyar, ba a biyan kuɗin jira. Daga nan dole ne a tsallake rizistocin da makunni ko rile (makunnin da wuta ke kunnawa). Nan ne da yawa ke tuntuɓe: su bar rizista a wurin, su ce sun kare allo. Wannan balansa da ɗan bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi take aiki. Bambancin bolt 0.1 a kan om 20 miliamfiya 5 kacal zai tura, ga fitila na ci amma babu abin da ake daidaitawa.

A BMS (allon kula da batir) mai ƙona rarar caji a rizista lamarin daban ne, can rizistan zama yake yi. Wayoyin aunawa na guntu irin LTC6811 ana sa musu om 100 da kafasita nanofarad 10, kuma a ƙara zena (diyod mai taƙaita bolt) tsakanin kowace waya da maƙwabciyarta don ta kwashe tsallen bolt.

Wasu na sa NTC, rizistar da turjiyarta ke sauka idan ta yi zafi, a maimakon makunni. Ni ban cika son ta a ɗakin batir na ƙasarmu ba. Ƙimar da aka rubuta a jikinta ta digiri 25 ce. A ɗaki mai rufin kwano cikin watan Afrilu, a digiri 45, ta sauka kusan rabi, kuma in ka cire filogi ka mayar tana da zafi, ba ta kare komai.

Fis kuwa ba ya hana ambaliya, waya yake karewa daga kamawa da wuta. Sa shi dab da kan ƙwaya, mai jinkirin tsinkewa, na amfiya 7.5 ko 10, don mai saurin tsinkewa zai iya mutuwa tun a jonawar farko.

Kafin ka sayi sabon allo, auna ƙwayoyin. Idan tazararsu ta wuce bolt 0.1, caja kowace ita kaɗai har su matso. Kada ka haɗa su kai da kai (+ da +, - da -) da ƙarfe don su daidaita kansu: tazarar bolt 0.3 a kan miliom ɗaya amfiya 300 ce, ta isa ta cinye kan noti.